Idan Injin Tsohuwar Mota Ya Ƙi Juyawa: A Saurara, A Auna, Kafin A Sayi Kaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a jaridarku in yi magana da masu tsofaffin motoci, da kuma matasan da ke koyon aikin wayarin, a kan wata matsala da ake asarar kuɗi da lokaci a kanta ba gaira ba dalili. Matsalar ita ce motar da za a murɗa wa makulli injinta ya ƙi juyawa. Aikin wutar mota na yi tun ina saurayi har ƙarfi ya fara ja baya, kuma har gobe abin da ke ci mini rai shi ne yadda mai mota zai sayi sabon batir, ya sayi sabon kik, wato na'urar lantarkin da ke juya inji idan an murɗa makulli, wani har ya canza mazaunin makulli, alhali ciwon yana kan wata waya guda da ta yi tsatsa.

Da farko dai a raba abu biyu da mutane ke haɗawa a cikin magana ɗaya. Mutum zai ce maka motarsa ta ƙi tashi. Sai ka tambaye shi, injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Idan yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to wannan zancen mai ne, ko wutar filogi, ko iska, ko saitin lokaci, kuma ba shi na zo da shi yau ba. Idan kuwa injin ko motsi bai yi ba, ko yana jan jiki da ƙyar, to laifin bai wuce wuri huɗu ba: batir, hanyar da wuta ke bi, kik, ko injin kansa ya cije. Wanda ya kwance maka kabureta ko famfon mai alhali injin bai juya ba, ɓata maka lokaci yake yi, domin mai ba ya juya inji. Kik ne ke juya shi.

Kafin shekarar 1912 da hannu ake tayar da mota, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba, kuma ya sha karya hannuwan mutane idan inji ya mayar da bugu. A wannan shekarar ce kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki wanda Charles Kettering ya ƙera. Tsofaffin Land Rover sun daɗe suna zuwa da wannan ƙarfen don ko-ta-kwana. Na kawo wannan ne don a gane cewa aikin kik bai wuce aikin wancan hannun ba, kuma tsarinsa bai canza sosai ba tun daga lokacin. Duk wanda ya fahimce shi a mota ɗaya ya fahimce shi a kusan kowace.

Hanya biyu ce wuta ke bi zuwa kik. Akwai babbar hanya, wato wayar nan mai kauri da ta taso daga kan batir kai tsaye zuwa babban noti a jikin solanoyid, wato makunnin maganaɗisu da ke manne da kik, sannan wutar ta koma batir ta jikin inji da wayar as, wato wayar da ta haɗa jikin inji da negatib na batir. Akwai kuma ƙaramar hanya, wadda ta bi ta fiyus, ta shiga mazaunin makulli, ta ratsa makunnin giya ko na kuloci, wani lokaci ta bi ta rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa, sannan ta iso ƙaramar waya a jikin solanoyid. A motocin Turai za ka ga lambobi a jiki: 30 ita ce wutar batir, 50 ita ce ƙaramar wayar da ke ba kik umarni, 15 wutar da ke zuwa idan an buɗe makulli, 31 kuma as. Solanoyid aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana tura ƙaramin haƙorin kik ya shiga haƙoran fulaiwil, wato babban faifan ƙarfe da ke bayan inji, yana kuma haɗa wasu tagulla biyu a cikinsa domin babbar wuta ta wuce. Ƙaramar hanya umarni take kaiwa, babbar hanya ƙarfi take kaiwa. Duk binciken da zan faɗa, amsar tambaya ɗaya yake nema: umarnin ne bai isa ba, ko ƙarfin?

Kunne shi ne kayan aiki na farko. A kashe rediyo da fanka, a sauke gilashi, a murɗa makulli a saurara. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, wuta ce ta yi kaɗan: solanoyid ya kama, kik ya janye wutar, ta faɗi, solanoyid ya saki, wutar ta dawo, ya sake kamawa. Wannan kusan kullum batir ne ko kan batir. Idan ƙas ɗaya aka ji mai ƙarfi sannan shiru, umarni ya isa, amma ko dai babbar wuta ba ta wuce ba, ko kik ya gaji, ko inji ya cije. Idan shiru ne tsit, ko ƙas babu, to a fi zargin ƙaramar hanya, ko batir da ya mutu murus. Idan aka ji kik yana gudu fiii shi kaɗai inji bai motsa ba, haƙorinsa ne bai shiga ba, ko bendis ɗinsa, wato abin da ke riƙe da haƙorin, yana sulɓewa. Idan kuma gurza aka ji mai tayar da tsikar jiki, haƙora ne suka cinye, na kik ko na fulaiwil, ko kuma notin da ke riƙe da kik ya saki.

Bayan kunne sai ido. A kunna manyan fitilu, a sa wani ya tsaya gaba, a murɗa makulli. Idan fitilun suka dushe sosai ko suka mutu, ƙarfi ne babu, ko kuma wani abu yana jan wuta fiye da kima. Idan suka tsaya da haskensu ko gezau, kik bai ja komai ba ke nan, don haka wutar ba ta kai gare shi ba ko cikinsa ya yanke. Wannan gwaji ba ya buƙatar ko sifana, amma yana raba aikin gida biyu.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ce ai batir lafiya lau yake tunda hon yana kuka, rediyo yana magana, fitila tana kamawa. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace ba sa jan abin da ya kai amfiya 10, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja. Kik na ƙaramar motar fetur mai silinda huɗu yana jan amfiya 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka nesa ba kusa ba. Batir da ya kusa mutuwa zai iya kunna fitila na tsawon lokaci ya kasa juya inji ko sau ɗaya. Don haka kukan hon ba shaida ba ce.

Shaida tana wurin mita. Batir mai bolt 12 idan ya cika, ya kuma huta, zai nuna kusan 12.6. Idan ya nuna 12.4 ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A 12.2 rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa kusan fanko ne. Idan aka ga wajen 10.5, akwai alamar ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, domin kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, kuma irin wannan caji ba ya tayar da shi. Amma awon batir yana zaune bai isa ba. A bar mitar a kansa, a sa wani ya murɗa makulli. Batir mai lafiya bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke aiki. Na sha ganin batir ya nuna 12.5 yana zaune, ana taɓa makulli ya zube zuwa 6. Wannan ya gama aiki, ko da fentinsa yana ƙyalli.

Idan batir mai murfi ne, a buɗe a duba ruwa. Ya kamata ya rufe farantan ciki. Idan ya ragu, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙonewa, asid yana nan. Zafi yana rage wa batir kwana, sanyi kuma yana tona asirin wanda ya riga ya raunana, shi ya sa da sanyin safiya ake yawan ganin matsalar. Motar da ake ajiyewa makonni ba a tayar ba ita ma tana kashe batir, domin idan ya daɗe babu caji farantansa suna yin wani ɓawo da ba ya narkewa.

To, a ce batir ya ci jarrabawa. Nan ne nake son in daɗe, domin nan ne tsohuwar mota ta fi kamuwa, kuma nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Wayoyi da mahaɗansu suna tsufa kamar kowane abu. Kan batir yana tara farin gari ko kore. Wani lokaci daga waje tsaf yake, amma tsakanin dalmar batir da maƙalin akwai wani baƙin ɓawo siriri da ido ba ya kulawa da shi. Wani lokaci tsatsar ta shige cikin robar wayar ta cinye zaren tagulla, waje lafiya, ciki gari. Idan ka lanƙwasa waya kusa da kanta ka ji tana ƙara kamar busasshen kara, ko ka ga robar ta kumbura, ta lalace.

Ga lissafin da nake so kowane ɗan koyo ya riƙe. Mahaɗin da ya yi datti har ya kawo tirjiya ta kashi ɗaya cikin ɗari na om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta, idan amfiya 200 suka bi ta kansa, zai cinye bolt 2 cur. Fitila ba za ta ji wannan ba, domin wutar da take ja kaɗan ce. Kik kuwa zai ji, ya yi jan jiki ko ya tsaya. Kuma idan ka auna wannan wayar da mita a ma'aunin om, za ta ce maka lafiya, domin ƙaramar mita ba ta iya ganin tirjiya ƙanƙanuwa haka. Shi ya sa ake auna asarar wuta yayin da ake murɗa makulli, ba a zaune ba.

Yadda ake yi ba wuya. A sa mita a ma'aunin bolt. A ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar batir ita kanta, ɗayan a kan maƙalin da ya kama ta, a sa wani ya murɗa makulli. Ya kamata a ga kusan sifili. Idan aka ga rabin bolt ko fiye, ciwon yana nan a tsakanin yatsunka. Daga nan a ɗora tsinke ɗaya a dalmar fosatib, ɗayan a babban notin kik. Asarar kada ta wuce rabin bolt. Sannan a ɗora ɗaya a dalmar negatib, ɗayan a jikin kik ko jikin inji inda ƙarfe yake fes. Nan ma ƙasa da rabin bolt ake so, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon kyansa. Duk ɓangaren da ya nuna adadi mai yawa, a bi shi mahaɗi bayan mahaɗi har a kama wurin. Wanda ba shi da mita, ya murɗa makulli na 'yan daƙiƙu sannan ya taɓa mahaɗan a hankali. Wanda ya yi zafi shi ne mai laifi, domin wutar da ta ɓace a nan zafi ta koma.

Wayar as ita ce marainiyar mota. Kowa yana duba jar waya, ba mai tuna baƙar. Inji yana zaune ne a kan robobi, don haka sai da wata waya ko saƙaƙƙen ƙarfe da ya haɗa shi da jikin mota ko da batir. Idan aka sauke inji ko giyabos aka mayar, sau da yawa ana mance ta, ko a ɗaure ta a kan fenti. Idan ta tsinke, wuta tana neman wata hanyar komawa, sai ta bi ta wayar totur ko wayar kuloci ko ta giya, har ka ga sun yi zafi ko sun narke. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, a maƙala kai ɗaya a negatib na batir, ɗayan a jikin inji. Idan mota ta juya, an gama bincike.

Gyaran wannan duka bai wuce a kwance, a kankare da burushin ƙarfe ko sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a wanke farin garin da ruwan zafi, a ɗaure tamau, sannan a shafa ɗan giris a sama. Ina roƙon a daina buga ƙusa ko cusa guntun waya tsakanin dalma da maƙali don ya kama. Yana tayar da mota yau, gobe ya ci dalmar, jibi ya yi tartsatsi a kan batir. Maƙalin da ya buɗe a canza shi.

Idan babbar hanya lafiya take kuma shiru ake ji, sai a koma ƙaramar. A cire ƙaramar wayar solanoyid, ko a taɓa ta da fitilar gwaji, a sa wani ya murɗa makulli zuwa ƙarshe. Idan wuta ta zo da ƙarfinta, umarni ya isa, laifin yana cikin kik. Idan ba ta zo ba, a bi baya. A mota otomatik akwai makunnin da ke hana kik aiki sai giya tana P ko N. Idan ya tsufa ko saitinsa ya goce, mota za ta yi shiru a P amma ta tashi a N, ko ta tashi idan an riƙe makulli ana ɗan girgiza sandar giya, ƙafa na kan birki. A wasu motocin manuwal makunnin yana ƙarƙashin kuloci, sai an taka har ƙasa, kuma wani lokaci tabarmar ƙafa ce kawai ta naɗe ta hana fedar sauka. Rile kuwa, idan akwai irinsa sak a akwatin fiyus, kamar na hon, a musanya su a gani. A duba fiyus, a duba kuma babban fiyus ɗin da ke kusa da batir.

Mazaunin makulli ma yana gajiya, musamman idan an rataya masa tarin makullai masu nauyi shekara da shekaru. Alamarsa ita ce fitilun dashbod su kama ko su riƙa ɗaukewa, kuma sai an murɗa an sake murɗawa kafin kik ya amsa. Akwai kuma wutar da ke zuwa amma a raunane. Solanoyid yana jan amfiya 30 ko fiye a lokacin da zai fara kamawa, don haka idan wayar ta yi nisa kuma ta tsufa, abin da zai iso ba zai ishe shi ba. Volkswagen Beetle ta shahara da wannan, domin batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, wutar sai ta je gaba wurin makulli sannan ta dawo baya wurin kik. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a sa ƙaramin rile kusa da kik, makulli ya riƙa ba rile umarni kawai. Wannan dabara tana aiki a kowace tsohuwar mota mai irin wannan rauni.

Kada a mance da hannun mutane. Tsohuwar mota ta ratsa hannaye da yawa, kowa ya yanka ya jona. Na'urar tsaro da aka ƙara daga baya, ko ɓoyayyen makunnin hana sata, yawanci a kan wayar kik ake ɗora su, kuma sau da yawa da murɗi da salatif kawai aka haɗa. Idan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga dunƙulen salatif, fara da nan. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama kuma da yawansu suna da ƙwayar tsaro a cikin makulli. A wasu tana hana mai ne kawai, a wasu tana hana kik ma. Idan fitilar makulli tana ƙiftawa a dashbod, a gwada ɗaya makullin kafin a kwance komai.

Sai kik kansa. Idan babbar wuta ta iso, ƙaramar ta iso, as yana da kyau, amma ya ƙi, to yanzu ne aka sami hujjar sauke shi. Ko a nan ma ba dole ne a sayi sabo ba. Abubuwan da ke cinyewa a ciki ƙanana ne. Burushin kabon yana gajarta har ya daina taɓa amecho, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikin kik, sosai. Tagullar cikin solanoyid tana ƙonewa ta yi rami, shi ne ke kawo ƙas ɗaya, a sake murɗawa ƙas, a karo na biyar ko na shida ta tashi. Kik ɗin Denso da ke cikin tsofaffin Toyota da yawa an san shi da wannan, kuma an yi shi ne yadda za a buɗe murfin baya a canza tagullar kawai, ya koma kamar sabo. Bushin da ke riƙe da sandar amecho idan ya buɗe, amecho yana gogar jiki, kik ya riƙa jan wuta mai yawa yana juyawa a hankali, har a ɗauka batir ne. Irin wannan ya fi nuna hali idan inji ya yi zafi: da safe ta tashi lafiya, a tsaya a sha mai ta ƙi, a jira ta huce ta tashi.

Game da dukan kik da guduma, gaskiya ne yana aiki wani lokaci, domin girgizar tana sa gajeren burushi ya sake taɓawa. Amma a ɗauke shi a matsayin gwaji da kuma hanyar isa gareji. Idan ya tashi da duka, ya faɗa maka burushinsa ya ƙare. Kuma ɗan ƙwanƙwasawa ake yi da ƙotar guduma, domin ƙananan kik na baya-bayan nan maganaɗisu ne a cikinsu maimakon naɗin waya, duka mai ƙarfi yana fasa shi, a tashi daga ƙaramin gyara a koma sayen sabo. Idan an sauke kik an gwada shi a ƙasa ya juya, wannan ma bai wanke shi ba, domin juyawa babu kaya daban, juya inji daban.

Wuri na huɗu, wato injin kansa ya cije, shi ne wanda ba a so, amma dole a duba shi kafin a ƙona kik a banza. Idan ana jin ƙas mai nauyi, fitilu suna dushewa, wayoyi suna zafi, batir kuma lafiyayye ne, a dakata. A zare makulli, a sa giya a firi, a ɗora sifana a kan babban notin fulin ƙasa, wanda fanbel ke zagayawa a kansa, a gwada juya inji da hannu ta inda yake juyawa. Idan ya juya, da sauƙi. Idan ya ƙi, a cire fanbel a sake gwadawa, domin altaneta mai cajin batir ko kwamfiresan na'urar sanyaya mota idan suka cije suna iya riƙe inji. Idan har yanzu ya ƙi, a cire filogi duka. Ruwa ko mai idan ya cika silinda, fistin ba zai iya matsa shi ba, domin ruwa ba ya matsuwa. Wannan yana faruwa idan gaskit ya ƙone, ko mota ta shiga ruwa mai zurfi, ko kabureta ko noza ta yi ta zuba. Wanda ya dage da murɗa makulli ko ya sa aka tura motar a wannan hali zai iya lanƙwasa sandar fistin. Idan an cire filogi ruwa ya fito, a nemi inda ya fito. Idan babu ruwa kuma inji ya ƙi motsi, a duba bakin mai, mai yiwuwa ya ƙafe inji ya kama. Motar da ta shekara a ajiye kuma zoben fistin ne ke mannewa da tsatsa, sai a zuba ɗan mai ta ramin filogi a bar shi ya jiƙa, a riƙa motsa shi a hankali.

Malam Edita, ku ba ni dama in ja kunne a kan haɗari, domin na ga raunukan da bai kamata a ce an samu ba. Batir yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa, kuma idan batir ya fashe asid ne ke watsuwa a fuska. Idan za a jona batir da batir, ja zuwa fosatib na matacce, ɗaya kan jan zuwa fosatib na mai rai, baƙi zuwa negatib na mai rai, sannan kan ƙarshe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, domin tartsatsin ƙarshe ya tashi a can. Idan za a kwance batir, negatib ake fara cirewa, shi ake kuma mayarwa a ƙarshe. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sa hannu, domin zobe idan ya haɗa wuta da jiki yana yin ja cikin ƙiftawar ido. Masu haɗa notin kik da sukudireba don su tayar da mota su sani cewa sun tsallake makunnin giya, idan motar tana cikin giya za ta taka wanda ke gabanta ko ƙarƙashinta. A tabbatar tana firi, an ja birkin hannu, an sa wa taya waigi. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a bar kik ya huta tsakani, domin ba a yi shi don dogon aiki ba. Turi kuwa na manuwal ne, a giya ta biyu. Otomatik ba a tura ta.

Idan mota ta tashi bayan an jona mata wuta, aiki bai ƙare ba, saura a san abin da ya kashe batirin. A auna kansa inji yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Idan 12 da ɗoriya kaɗan ake gani, altaneta ba ta caji, ko fanbel ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. Idan ya haura 15, tana dafa batir ne. Idan caji lafiya amma batir yana mutuwa cikin dare, wani abu yana shan wuta a ɓoye: fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka jona kai tsaye, ko dayod ɗin altaneta da ya lalace. A kashe komai, a sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin negatib da wayarsa. A tsohuwar mota abin da ya wuce miliamfiya 50 abin tuhuma ne. A riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi, layin da ya faɗi a kansa nan ɓarawon yake.

Ga masu mota, ko ba za ku taɓa sifana ba, ku riƙe abin da kuka ji da abin da kuka gani, ku kai wa mai gyara shi yadda yake: ƙas ɗaya ne ko da yawa, fitila ta dushe ko ba ta dushe ba, da sanyi take yi ko da zafi, an taɓa wani abu a motar kwanan nan ko ba a taɓa ba. Idan aka ce ku sayi batir ko kik, ku tambaya nawa mita ta nuna lokacin da aka murɗa makulli, kuma a ina aka ɗora ta. Mai gyaran da ya auna zai ba ku amsa nan take. Ga iyayen gidan gareji kuma, ina roƙon ku sa wa yaranku mita a hannu tun shekarar farko, ku nuna musu awon asarar wuta a kan mota ta gaske kafin ku koya musu sauke kik.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tsohon mai aikin wayarin mota